Ranar da Badamagare Ya Kama Birkin Gaba

Motoci da baburan da suka bi ta hannuna a garin Greensboro ba zan iya tuna ko rabinsu ba. Amma akwai wani baƙin babur da ko daga barci aka tashe ni zan ba da labarinsa tiryan-tiryan, kuma na san har in koma ga Mahaliccina ba zai fita daga raina ba. A kansa ne na kusa rasa mutumin da ya fi kowa daraja a wurina a ƙasar nan.

Ni dillalin motoci ne. Ina da fili a McLeansville, gabas da gari, inda gidaje suke warwatse a tsakanin gonaki. Nakan je gwanjo in sayo motocin da suka yi hatsari, in gyara masu gyaruwa, in loda wasu a kwantena zuwa Kwatano, sauran in sayar a nan. Babura ma ina taɓawa, don tun ina Kano nake son su. Ba a aji na koyi aikin ba, hannuna ne ya yi ta baƙi har ya iya.

Lokacin da na sauka garin nan da jaka ɗaya, wani mutumin Nijar ne ya ɗauke ni daga masallaci ya kai ni ɗan gidansa a unguwar Glenwood. Ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma kowa Alhaji yake ce masa. Muna shiga ya tambaye ni garinmu. Da na ce Kano, sai ya tafa hannu ya ƙwala wa matarsa kira: "Hajiya, fito ki gani! Allah ya kawo mana bawa har gida." Ashe Badamagare ne, haifaffen Zinder, kuma kowa ya san wasan da ke tsakaninmu da su tun kaka da kakanni. A falonsa na kwana har na samu aiki. Shi ya koya mini hanyoyin gari, shi ya tsaya mini lokacin aurena. Duk tsawon shekarun nan ban ji sunana a bakinsa ba, sai dai "bawana". Ni kuma in ce masa ai mu muka koya musu saka riga.

Kafin ya zo Amurka, Alhaji ya yi shekaru yana kabu-kabu a Zinder, abin da mu Kanawa muke kira acaɓa. Da kuɗin babur ya yi aure, da shi ya yi fasfo. Da ya zo nan sai ya koma aikin sito, ya manta da babur gaba ɗaya. Yaransa suka girma, suka watse wasu jihohi. Gidan ya yi shiru, shi ma ya yi shiru. Wata rana ya zo filina shan shayi, ya ga wani baƙin babur ɗan Japan mai silinda huɗu da na gama haɗawa. Ya zagaya shi, ya shafa tankin, ya sake zagayawa. Na daɗe ina ciniki, na san idon mai saye. Amma wannan kallon irin na wanda ya haɗu da abokin ƙuruciya ne a tasha.

Ya je ya yi lasisin babur, wanda shi yake kira permi, ni kuma na miƙa masa makulli. Cikin ɗan lokaci Alhaji ya koma kamar saurayi. Ya dawo da dariyarsa, ya dawo da tsokanarsa. Matsalar ita ce bai san tuƙin shan iska ba. Tuƙin neman abinci ya koya, irin na wanda fasinja ke jira a bakin kasuwa. Fitila na yin kore shi ne a gaba. Yakan kwanta a kwana har ka rufe ido. Daga Glenwood zuwa wurin aikinsa, duk wata 'yar kafa da ke tsakanin motoci ya san ta. Ga shi babur ɗin ba irin ƙananan da ya saba da su a gida ba ne, wannan ya ninka su nauyi, ƙarfinsa kuwa ba a magana.

Wata Asabar da hantsi ya shigo filina, yana jan ƙafa a ƙasa kafin babur ɗin ya tsaya. Ya cire hular kwano ya ce, "Bawana, birkin motonka ya mutu. Kayan Bakano ke nan, kyau a ido kawai." Moto shi ne babur a bakin mutanen Nijar.

Tun kafin in durƙusa na ji ƙauri. Faifan birkin baya ya yi shuɗi kamar ƙarfen da ya fito daga maƙera. Fad ɗin, wato 'yan takalman da ke matse faifan, sun cinye ƙarƙaf, ƙarfe ne ke gugar ƙarfe. Na koma tayar gaba. Faifai biyu ne manya a can, duk sun yi ƙura, fad ɗinsu kuwa suna nan yadda na bar su.

Na ce, "Alhaji, na gaban fa?"

Ya ce, "Me ya same shi?"

"Ba abin da ya same shi. Abin da ya dame ni ke nan. Ba ka taɓa shi ne?"

Ya dube ni kamar na ce ya sha fetur. "Allah ya kiyaye! Ni mahaukaci ne?"

Ya ja kujera ya ba ni labari. Ranar farko da maigidansa a Zinder ya ba shi babur, kafin ya miƙa masa makulli sai da ya ɗauko filaya ya datse wayar birkin gaba a gabansa. Haka duk 'yan kabu-kabun tasharsu suke yi. Lungunan garin yashi ne, ka matsa birkin gaba a cikin yashi, tayar ta zame, kai da fasinja ku sha ƙasa. Ya ɗaga haɓarsa ya nuna mini wani tsohon tabo a ƙarƙashin gemu. "Ka ga wannan? Sau ɗaya na ari moton wani, hannuna ya kai can bisa kuskure, da buhun gero a bayana. Tun ranar ban sake ba."

Na san gaskiya ya faɗa, don a Kano ma na ga masu acaɓa da yawa da ƙafa kawai suke tsayawa. A cikin yashi, da ɗan ƙaramin babur, dabara ce mai kyau. Amma a kan kwalta, da babur mai nauyi irin wannan, abin ya juye. Da zarar ka fara rage gudu, nauyin duka gaba yake komawa, tayar baya ta yi sakayau. Ka taka ta da ƙarfi sai ta kulle ta yi ta jan ƙasa, babur ɗin kuma bai fasa tafiya ba. Tsayawar gaske a tayar gaba take.

Ban kai ga yi masa wannan bayani ba ya miƙe ya ce, "Bon, to shi ke nan. Ka sa mini na baya mai ƙarfi, irin na 'yan tsere. Wannan hannun birkin na dama kuma ka kwance shi ka jefar, kada wata rana yatsuna su yi mini shisshigi." Ya bar mini babur ɗin, na mayar da shi gida a mota.

Washegari sai ga Hajiya ita kaɗai, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ajiye mini kular dambu a kan tebur, sannan ta zaro wani wando daga leda ta shimfiɗa. Gwiwar ta yage, akwai busasshen jini a gefen yagar.

Ta ce, "A bayan injin wanki na same shi, ya cusa. Wata 'yar garinmu ce ta gan shi a cikin gari, kusa da tashar bas. Bas ta tsaya, shi bai tsaya ba, sai da ya kwantar da abin a ƙasa. Ni ya ce mini a wurin aiki ya yi tuntuɓe." Ta naɗe wandon a hankali. "Ƙanena, kai ka kawo wannan abu gidana. Ban ce ka yi laifi ba, don na ga yadda ya dawo mini da mijina. Amma ko dai ka mayar da shi abin da ke tsayawa, ko ka tura shi cikin kwantenarka. Ban zo ƙasar nan don in yi takaba ba."

Na ce mata ta bar mini. Da ta tafi na zauna na kasa taɓa dambun.

Na shiga aikin kamar ni zan hau. Na bayan, sabon faifai da fad na yau da kullum kawai na sa masa, don ƙara masa ƙarfi ƙara masa saurin kullewa ne. A gaba na zuba hankalina. Tiyon roba da ke kai man birki ya tsufa, in ka matsa sai ya kumbura ya shanye rabin ƙarfin hannunka. Na cire shi na sa mai saƙar ƙarfe a jiki, wanda ba ya kumbura. Na kwance muƙamuƙan da ke riƙe da fad, na wanke su, na sake robobinsu. Na sa fad masu haɗin ƙarfe, irin waɗanda ba sa sanyi in sun ɗau zafi a cikin cunkoson gari. Tsohon man ya yi baƙi kamar shayin da aka manta a kan wuta, na zubar da shi, na zuba sabo, na yi ta fitar da iska har ba ƙwayar kumfa ko ɗaya. Da na ga tayar gaban ta fara santsi, ita ma na sake ta, don birki mai kyau a kan tsohuwar taya aikin banza ne. A da in ka matsa hannun birkin laushi yake kamar burodi. Da na gama, yatsu biyu sun isa.

Na fita da shi titin bayan fili na gwada, ya tsaya cak. Ina tsaye ina jin daɗin aikina sai wani tunani ya faɗo mini. Mutumin da bai saba kama birkin gaba ba, ranar da tsoro ya sa ya kama shi, ba matsawa zai yi ba, damƙa zai yi da hannu duka. Da tsohon birkin mai laushi wataƙila ya tsira. Da wannan kuwa, ta saman kan babur ɗin zai wuce. Ashe abin da na haɗa ya fi na da hatsari, in dai hannun da zai riƙe shi bai canja ba. Nan na yanke shawarar makullin nan ba zai bar aljihuna ba sai Alhaji ya koya.

Ni mutum ne da ba na zagaye-zagaye, kuma hakan ya yi mini rana a kasuwa. Don haka da ya zo karɓa, na gaya masa kai tsaye. Na ce ban cire hannun birkin ba, ƙara masa ƙarfi ma na yi. Na ce yadda yake tsayawa kuskure ne a titunan nan, kuma sai na koya masa kafin in ba shi makulli.

Ya dube ni sama da ƙasa. Sannan ya ce, "Kai ne za ka koya mini?"

"Alhaji, ba raini ba ne."

"Ina ɗaukar mutum biyu da akuya a kan moto tun ba ka iya ɗaura wando ba." Ya ajiye kofin shayin da na zuba masa, ko kurɓa bai yi ba. "To, Malam, na gode. Riƙe kayanka."

Malam. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Mutumin da ya kira ni bawansa tun ranar da ya fara ganina, yau ya koma yi mini ladabi kamar baƙo. Kwanakin da suka biyo baya in na kira shi a waya sai ya amsa gaisuwa tsaf, ya tambayi iyali, ya ce madalla, ya kashe. Hajiya ta ce mini ya koma zaman shiru a gaban talabijin. Na ga abin ya rabu biyu, kuma kowanne ba daɗi. In na ba shi makulli, ina iya zama sanadin ajalinsa. In na riƙe, na rasa shi da ransa.

Na yi ta juya abin a raina har na gane inda na kuskure hanya. A matsayin ƙane na je masa, kuma ƙane ba ya zaunar da yayansa ya ce zai koya masa sana'ar da ya ci abinci da ita. Amma ni ba ƙaninsa kaɗai ba ne. Ni Bakano ne, shi Badamagare. Akwai maganar da ƙane ba ya iya faɗa, amma abokin wasa zai faɗe ta a tsakiyar kasuwa a yi dariya.

Ranar Juma'a bayan an sauko, mutanenmu sukan tsaya a gefen masallaci a sha shayi, 'yan Nijar da 'yan Gana da mu 'yan Najeriya. Alhaji na zaune a gefe da kofinsa. Na gyara murya yadda kowa zai ji.

Na ce, "Jama'a, kun san wani abu? An ce a Damagaram in mutum zai tsaya da babur a kasuwa, tun daga ƙofar gidansa yake fara taka birki."

Aka fashe da dariya. Alhaji bai ɗago ba, amma na ga kofin ya tsaya a hanya.

Na ƙara da cewa, "Masu hali ma bango suke ginawa na musamman, don su samu abin tsayawa."

Ya dire kofin. "Kai, bawa! Rufe mana baki. Ku da kuka ga moto jiya? Bakano in ya hau moto ai sai an riƙe masa kamar jaki."

Wallahi da na ji kalmar nan ta bawa, na san Alhajina ya dawo. Na ce, "To a gwada mana. Babur ɗaya, gudu ɗaya, a ja layi. Kai da ƙafarka, ni da hannuna. A ga wanda zai riga tsayawa."

Akwai wani abokinmu ɗan zangon Kumasi, direban tirela, mai son raha. Ya yi tsalle ya ce shi ne alƙali. "Cale," in ji shi, wato aboki a bakin 'yan Gana, "ba kuɗi a ciki, haram ne. Wanda ya faɗi, Juma'a mai zuwa shi zai ɗauki takalmin ɗan'uwansa a ƙofar masallaci, kowa na gani."

Alhaji ya ce, "Wala, na yarda! In ka ɗauki nawa ka goge su da kyau, bawa."

Kusa da filina akwai wani tsohon kanti da aka rufe, da faffaɗan wurin ajiye motoci a gabansa, duk kwalta. Na san mai wurin, na nemi izininsa. Ranar Asabar mutane suka zo fiye da yadda na zata, har da masu kujerun naɗewa. Alƙali ya ja layi da alli, ya jera kwalayen banza a can gaba a matsayin bas. Na riga na raɗa masa, don haka ya kafa doka: ba mai hawa sai da hular kwano da rigar fata da abin kare gwiwa. Alhaji ya yi ƙorafi ya ce an mai da shi kamar ɗan sama jannati, amma ya saka.

Shi ya fara. Ya taho daga ƙarshen filin a zaune daram, kana gani ka san gwani ne. Yana taka layi ya danna ƙafarsa. Tayar baya ta yi ƙara, hayaƙi ya tashi, gindin babur ɗin ya karkata gefe. Ya riƙe shi da ƙwarewar da ni ba ni da ita, amma bai tsaya ba. Ya ratsa kwalayen nan suka watse ko'ina. Aka yi ihu.

Na karɓa na je na taho da gudun da alƙali ya yanka. A kan layi na sa yatsu biyu, na matsa a hankali har hancin babur ɗin ya sunkuya, sannan na ƙara ƙarfi, ƙafata kuma ta ɗan taɓa na baya. Na tsaya, tsakanina da kwalayen da aka sake jerawa mota za ta iya wucewa.

Alhaji ya ce, "Maguɗi! Bai kai guduna ba. Kanawa ko a awo haka suke."

Alƙali ya ce a sake, kuma a wannan karon in fi shi gudu. Aka sake. Ya sake watsa kwalaye, na sake tsayawa kafin su. Dariyar ta yi yawa, wani har da kwaikwayon ƙarar taya da baki. Na dubi Alhaji ya cire hula yana kallon baƙin zanen da tayarsa ta bari a kan kwalta, mai tsawo, a karkace. Ba ya dariya. Na ji tsoron kada wasan ya wuce gona da iri. Allah ya saka wa ɗan Kumasin nan da alheri, shi ma ya lura. Ya tafa hannu ya ce shari'a ta tashi, kowa ya bi shi filina akwai nama a kan wuta. Ya kore su kamar tumaki, aka bar mu mu biyu.

Na ɗauko tsumma ina goge hannun da ba abin da ya same shi. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Sake yi in gani. A hankali."

Na sake. Ya tsaya ta damana, idonsa a kan yatsuna kawai. Na sake kuma. Sannan na sauka ina yarfa hannu na ce, "Sababbin fad ɗin nan sai an yi ta tsayawa da su a hankali kafin su zauna a kan faifan. Aiki ne mai cin lokaci, ga wuyan hannuna ya gaji. Ban san wa zai taya ni ba."

Maganar fad gaskiya ce, ta wuyan hannu kuwa shi ma ya san zance ne. Ya ce, "Kanawa ragwaye. Kawo."

Ya tafi ya juyo da ɗan gudu kaɗan. Na ga hannunsa na dama ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa. Sai ya damƙa gaba ɗaya. Hancin babur ɗin ya nutse, tayar baya ta ɗaga ta dire, ya karkata har ƙafarsa ta daki ƙasa da ƙarfi. Na ruga. Ya ɗaga mini hannu.

"Kada ka taɓa ni."

Na tsaya inda nake. Ya daɗe a zaune yana numfashi, kansa a sunkuye. Na ɗauka shi ke nan, zai sauka ya ce ga abin da yake faɗa. Sai na ji ya sake tayar da injin. A karo na biyu ya sa yatsu biyu kamar yadda ya ga na yi. Babur ɗin ya sunkuya a hankali, ya tsaya a miƙe. Ya ɗaga gilashin hular.

"Ashe ba fizga ake ba," in ji shi. "Tatsa ake, kamar nonon akuya. Ka fara da lallashi, in ta sake maka sai ka ƙara."

Na ce, "Ni ban taɓa tatsar akuya ba."

"Na sani. Shi ya sa ba ka iya bayani ba."

Daga nan bai sake bi ta kaina ba. Ya je, ya dawo, ya tsaya. Ya ƙara gudu, ya tsaya. Ya jera kwalayen da kansa. Hannun da ya yi shekaru yana sarrafa babur bai buƙaci dogon lokaci ba, tsoron ne kawai ya tsaya masa, kuma na ga yadda yake raguwa a kowace juyawa. Muka yi la'asar a kan kwali, ya koma. Rana ta yi ja kafin ya zo ya tsaya daidai gabana, har tayar ta kusa taɓa takalmina. Makullin yana jikin babur ɗin, na bar shi a can.

Duk da haka na bi shi a baya da motata har gida. Mun shiga Glenwood, inda motoci ke jere a bakin titi, sai wata ɗaliba a kan keke ta fito daga tsakaninsu, da abin jin waƙa a kunne, ko waiwaye ba ta yi ba. Na ga fitilar birkinsa ta kama, na ga hancin babur ɗin ya sunkuya. Babu ƙarar taya, babu karkata. Yarinyar ta wuce abinta, ba ta ma san an yi ba. Alhaji ya sa ƙafa a ƙasa, ya juyo ya ɗaga mini yatsu biyun nan, sannan ya ci gaba. Ni kuwa sai da na baya ya yi mini oda kafin ƙafata ta yarda ta bar birki.

Hajiya na tsaye a bakin ƙofa da muka iso. Ta dubi babur ɗin, ta dube ni. Na gyaɗa mata kai. Ta rufe fuskarta da gefen mayafi ta shige ciki.

Saura maganar takalmi. Duk makon ina tunanin yadda zan kauce, don ba zan iya tsayawa dattijon da ya riƙe ni ya sunkuya ya ɗauki takalmina ba. Ranar Juma'a ana sallamewa na yi sauri in riga shi fita, sai na tarar da shi a bakin ƙofa, jama'a sun kewaye shi, alƙali na gefe yana washe baki.

Na ce, "Alhaji, don Allah a bar maganar nan. Na yafe."

Ya ce, "Wa ya roƙe ka? A gaban mutane na yi alkawari."

Ya sunkuya ya ɗauki takalman da hannu biyu kamar mai ɗauke da tiren sarki. Ya tako a hankali, ya zo gabana, ya wuce ni. Ya cusa su cikin rigar fatarsa, ya ja zif, ya hau babur ya tayar. Kafin ya rufe gilashin hular ya ce, "Mai son kayansa ya san gidan ubangidansa."

Ya bar ni tsaye da safa a kan kwalta mai zafi, manyan mutane na riƙe ciki don dariya. Haka na tuƙa mota har Glenwood. Na samu takalmana a bakin ƙofa an goge su suna sheƙi, a ciki kuma Hajiya ta jera kwanuka kamar ranar suna.

Na sayar da kayan birki da yawa bayan wannan, amma ban sake ɗaura wa kowa ba sai na tambaye shi inda ya koyi tuƙi, na kuma ga yadda yake tsayawa da idona. Gyaran ƙarfe shi ne mai sauƙi a aikin. Abin da na koya shi ne, dabarar da ta tsare ran mutum a garinsu tana iya zama ajalinsa a wani gari, kuma ba zai sake ta don an ce masa kuskure ce ba, tunda ta taɓa cetonsa. In kana ƙaunar babba kuma kana da gaskiyar da yake buƙata, kada ka ɓoye ta, amma ka nemo masa ƙofar da zai shigo ya karɓa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Ni dai na samu tawa ƙofar, ko da yake a safa na koma mota.